Daga Barunde zuwa Jidda: layin waya, asusun banki da biza a hannun baƙo

A Barunde, kamar sauran unguwannin da suka cika suka batse bayan Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, akwai mutane kashi biyu da damuwarsu ɗaya ce, amma ba kasafai suke zama su tattauna ta ba. Kashi na farko baƙi ne da neman abinci ya kawo su: mai shayi daga yankin Maraɗi, ɗan ga-ruwa daga Damagaram, maigadi Buzu, ɗan tireda daga Kamaru. Kashi na biyu 'yan gari ne waɗanda nasu ke waje. Wannan ɗansa na karatu a Alƙahira, waccan mijinta na tuƙi a Riyad, wancan ƙanwarsa ta tafi Ingila aikin jinya. Rumfar mai POS ce mahaɗarsu. Ɗaya ya zo aika kuɗi gida, ɗayan ya zo karɓar abin da aka aiko masa, kuma kowannensu ya rataya ne ga lambar waya guda, wadda in ta samu tangarɗa komai ya tsaya cak.

A da, fasfo ne abin da matafiyi ke tsoron ya ɓata. Har gobe ɓatan fasfo masifa ce, amma akwai ofishin jakadanci, akwai takardar gaggawa ta komawa gida. Abin da ya fi saurin durƙusar da mutum a yau shi ne ɗan sim ɗin nan da bai kai farcen yatsa ba. Da shi aka haɗa lambar NIN ta zama ɗan ƙasa, NIN kuma aka haɗa ta da BVN ta banki, da NIN ɗin ake yin fasfo, a kan fasfo ake ba da biza, sannan takardar shaidar kuɗin da ofishin biza ke nema daga asusun nan za ta fito. Sarƙa ce, in zobe ɗaya ya ɓalle sauran sun zama tarkace.

Layin da ke mutuwa ba a sani ba

Mutanen Gombe ba sa buƙatar a gaya musu a hannun wa dokar haɗa layi da NIN ta fito. Ɗan garinsu ne, Isa Ali Ibrahim Pantami, wanda ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2019 zuwa 2023. A Disambar 2020 aka ba da umarnin, da wa'adin mako biyu kacal. Aka yi ta ɗage wa'adin har zuwa 4 ga Afrilun 2022, ranar da aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Wa'adin ƙarshe ya faɗo ne a 14 ga Satumban 2024, bayan shi ya bar ofis. Hujjar gwamnati ita ce tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce, ko da yake masu garkuwa da mutane ba su daina bugo waya suna cinikin kuɗin fansa ba. Abin da dai ya fito fili shi ne, an tsara abin ne da tunanin mutumin da ke zaune wuri ɗaya, wanda ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, da shagon kamfanin waya suke kusa da shi.

Ɗauki ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Azhar. Ranar da ya sauka Alƙahira zai sayi layin can, Vodafone ko Orange, ya zare na gida ya cusa a aljihun jaka, da niyyar in ya zo hutu ya mayar. Hutun kuwa sai bayan shekara biyu, don kuɗin jirgi ya fi ƙarfin mahaifinsa. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ce layin da ya yi wata shida ba a yi kira da shi ba, ba a tura saƙo ba, ba a sa kati ko an sayi data ba, kamfani na iya dakatar da shi. In ya ƙara wasu wata shida a haka, lambar na iya komawa kasuwa. Sai wani a Ibadan ko Fatakwal ya sayi sabon sim, ya fara ganin alat na mutumin da bai taɓa sani ba: an shigo da kaza, saura kaza. In mai tsoron Allah ne ya share. In ba haka ba, aiki ya same shi, domin lambar tabbatarwar da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi wajensa za ta zo, kuma tsarin tura kuɗi ta danna tauraro da lambobi layi ya sani, bai san fuska ba. WhatsApp ɗin ɗalibin ma yana iya suɓucewa, sabon mai lambar ya tsinci kansa a zauren hirar dangi, ya fara roƙon kawunnai da gwaggwanni kuɗi da sunan yaron.

In layin bai riga ya koma hannun wani ba, ana iya dawo da shi, abin da masu shagunan waya ke ce wa welkom-bak. Amma a mafi yawan lokuta sai mai shi ya tsaya da ƙafarsa an ɗauki hoton fuskarsa ko yatsunsa an gwada da abin da ke rumbun NIMC. Wanda ke Masar ba shi da wannan dama. In kuwa an riga an sayar, sai haƙuri.

Maganin abin bai kai wahalarsa tsada ba. Kafin a tashi a tabbatar an buɗe wa layin damar aiki a ƙasashen waje, a sa shi a waya mai sim biyu ko a wata 'yar ƙaramar waya ta daban. Karɓar saƙo a waje galibi kyauta ne. Amsa kira da buɗe data su ne ke cinye kati cikin ƙiftawar ido. Duk bayan wata biyu ko uku wani a gida ya tura kati na ɗari biyu, a aika saƙo ɗaya, layi ya ci gaba da numfashi. MTN ma tana da tsarin da ake biya ta ajiye wa mutum lambarsa na tsawon lokaci. Da yawa sukan bar sim ɗin a hannun ƙane ko mata, duk lokacin da lambar banki ta shigo a karanto musu. Yana aiki, amma mai yin haka ya sani ya miƙa asusunsa ne dungurungum, kuma zumunci da yawa ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Ya fi kyau a je banki tun ana gida a nemi a riƙa turo lambar ta imel, ko a karɓi 'yar na'urar nan mai fitar da lamba.

Ita kanta wayar tana da nata ƙa'idojin. Daga Janairun 2025 Masar ta sa harajin kashi 38.5 cikin 100 a kan wayoyin da aka shigo da su daga waje. In aka sa wa waya layin Masar ba a biya ba, bayan kwana 90 sai a toshe ta. Turkiyya ta daɗe da irin wannan, nata wa'adin kwana 120 ne. A Dubai kuwa kiran WhatsApp ba ya shiga, sai a koma manhajoji irin su Botim da hukuma ta amince da su. Uwar da ke ta kira daga Gombe ba a ɗauka ba, ba raini ba ne.

Ɗan cin rani da takardun da ba a yi don shi ba

Yanzu a juyo gida. Dokar da ta kafa NIMC a 2007 ba ta hana baƙo lambar NIN ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba, in ya zauna shekara biyu ko fiye bisa ƙa'ida, ana yi masa rajista, muddin ya kawo takardar izinin zama daga Hukumar Shige da Fice. Wannan ya dace da likitan da ya zo aiki asibitin koyarwa ko injiniyan kamfanin gine-gine. Bai dace da mutumin da ya shigo ta Maigatari ko Jibiya bayan an gama girbi ba, wanda zai yi wata biyar ko shida yana tura kurar ruwa, da zarar hadari ya fara haɗuwa ya koma gonarsa. Ɗan cin rani ba ya cika shekara biyu a jere. Hasali ma watannin da yake yi a gida da damina sun kusa kai wa'adin da ake dakatar da layi, don haka wani kan dawo da kaka ya tarar lambar da abokan cinikinsa suka sani ta mutu.

To, yaya suke yi? Wani maigidansa ko mai shagon da yake kwana a ƙofarsa zai yi masa rajistar layi da sunansa. Wani ya sayi sim da aka riga aka yi wa rajista da sunan wanda bai sani ba, wanda laifi ne ga mai saye da mai sayarwa. Wani kuma ya je ya ce shi ɗan wata ƙaramar hukuma ce ta bakin iyaka, ya karɓi NIN a matsayin ɗan Najeriya. Wannan na ƙarshe shi ya fi sauƙi, don harshe ɗaya ne, suna ɗaya ne, wani ma kakarsa tana Daura ko Illela da gaske. Amma ƙarya ce a gaban hukuma, kuma yatsun da aka ɗauka ba sa gogewa. Shi ma mai gidan da ya ba da aron sunansa ya ɗauki kaya: duk abin da aka aikata da layin, ƙofarsa jami'an tsaro za su ƙwanƙwasa.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 shi ya fito da wannan matsala sarari. Bayan Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma turansifa, har mai sayen shayi da burodi. Wanda ba shi da asusu sai ya liƙa lambar asusun wani a jikin teburinsa, da dare ya je a yi lissafi a ba shi abin da ya samu, in an ga dama a cire lada. Al'adar ta zauna har yau. Manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint sun ɗan buɗe ƙofa, don a lokacin da lambar waya kaɗai ana iya buɗe ƙaramin asusu a wasunsu. A Disambar 2023 Babban Banki ya rufe wannan ƙofa: kowane asusu, komai ƙanƙantarsa, sai da BVN ko NIN, manya kuma sai da duka biyun, daga Maris na 2024 wanda bai cika sharaɗi ba a hana shi fitar da kuɗi.

Aika kuɗi gida kuwa bai taɓa bi ta banki ba. Ana ba ɗan canji naira a nan ko a Wapa ta Kano, ya buga wa abokin hulɗarsa waya a Maraɗi ko Damagaram, iyali su karɓi sefa hannu da hannu ko ta kamfanonin aika kuɗi na Nijar irin su Nita da Al Izza da Amana, masu rassa har cikin ƙananan garuruwa. Amana ce ke riƙe da harkar, kuma sau da yawa ta fi banki sauri. Abin da ya karya ɗan cin rani shi ne farashi. Sefa ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi ta gangarawa, daga wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Jika ɗaya ta sefa ta wuce naira 2,000. Guminsa bai ragu ba, amma buhun geron da kuɗin ke saya a gida ya ragu.

Sai batun zaman kansa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90. Wanda zai wuce haka ana so ya karɓi katin zama na ECOWAS a ofishin Shige da Fice, kuma a Yulin 2019 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta ga duk wanda zai haura kwana 90. Kaɗan ne daga cikin masu ƙananan sana'o'i suka san da waɗannan, balle su yi. Sannan aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata a 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna kamar da, har sai an sake ba da sanarwa. Ma'ana, abin da yake haƙƙi a rubuce shekara arba'in da biyar yanzu ya koma alfarma. A ganina wannan bai samu kulawar da ta kamata ba, domin a daidai wannan lokaci ne Najeriya ta tsaurara dokokinta: daga Mayun 2025 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya kawo bizar intanet a madadin wadda ake bugawa a filin jirgi, tare da tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya wuce wa'adinsa da kuma hana shi sake shigowa na shekaru. An yi dokar ne da tunanin masu sauka a Legas da Abuja. Ranar da wani jami'i ya ga damar karanta ta a kan mai yankan farce, ba shi da takardar da zai kare kansa.

Asusun da aka bari a gida

Ga wanda ya fita, banki yana da agogonsa shi ma. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa ya yi barci, kuma tada shi kan buƙaci sabunta takardu. Shekaru da dama wanda ya fita ba shi da BVN, wadda aka ƙaddamar a Fabrairun 2014, sai ya nemi ɗaya daga cikin 'yan cibiyoyin da ke wasu manyan biranen duniya ko ya jira dawowa. A Mayun 2025 Babban Banki ya buɗe hanyar yin BVN ta intanet ga 'yan Najeriya mazauna waje, bayan a farkon shekarar an fito da asusu na musamman dominsu. Ci gaba ne na gaske, sai dai yana neman fasfo mai rai da shaidar zama a ƙasar da mutum yake. Wanda ke zaune a Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama, bai shiga lissafi ba.

Katin ATM na naira ma ya ba mutane kunya. Tsakanin 2022 da 2023 bankuna suka dakatar da amfani da shi a waje saboda ƙarancin dala, ɗalibai suka wayi gari ba sa iya biyan ko da kuɗin rajistar jarrabawa. Sai a tsakiyar 2025 wasu bankuna, irin su GTBank da UBA da Wema, suka dawo da shi, da iyakar abin da za a iya kashewa. Mai tafiya ya tambayi bankinsa iyakar kafin ya tashi, kada ya tsaya gaban mai otal yana ta goga kati. Ta ɓangaren masu aikowa kuma, tun Janairun 2024 kuɗin da aka turo ta kamfanoni irin su Western Union da naira ake biyan mai karɓa, ba da dala ba. Kuɗin da 'yan Najeriya ke aikowa gida ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara a ƙididdigar Bankin Duniya, ban da wanda ke bi ta hannun 'yan canji, wanda a tsakanin Saudiyya da Arewa shi ne hanyar da kowa ya sani: a ba da riyal a Makka, alat ya shigo a Gombe kafin a idar da sallar isha'i. Haɗarinsa shi ne ba ka san daga asusun wa kuɗin ya fito ba. In aka yi rashin sa'a asusun yana cikin binciken damfara, naka ma sai a daskarar da shi, ka shiga zirga-zirga tsakanin banki da ofishin 'yan sanda.

Akwai kuma matsalar da mu muka jawo wa kanmu, kuma ta fi damun Arewa. Mutum ɗaya ne, amma a takardar firamare Muhammadu, a ta WAEC Mohammed, a BVN Muhammad, a NIN an ƙara masa sunan garinsu a ƙarshe. Abubakar a nan, Buba a can. Mace ta yi BVN da sunan mahaifinta, ta yi NIN da sunan mijinta. Ranar haihuwa kuwa, wanda aka haifa a gida ba takarda sai mai rajista ya rubuta masa 1 ga Janairu, wani ya rage shekara uku don neman aiki ya manta abin da ya faɗa a baya. Da can jami'i kan dubi fuskarka ya gane kai ne. Kwamfuta ba ta da wannan kara. Harafi ɗaya ya bambanta, fasfo ba zai fito ba, domin Hukumar Shige da Fice daga rumbun NIMC take jawo bayananka. Gyaran kuwa sai da rantsuwar kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, da kuɗi, da jiran makonni. Wanda ke da niyyar tafiya baɗi, yau ya kamata ya baza takardunsa a tabarma ya gwada su harafi da harafi, tun kafin takardar gurbin karatu ta zo da wa'adin mako uku.

Biza da dillalanta

Fasfo ya yi tsada. Daga 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, ninki biyu na farashin da aka sa shekara guda kafin nan. Ƙasashe da yawa kuma ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida.

Amma ba a nan ake asarar dukiya ba, a hannun ejan ake yi. Akwai kamfanonin tafiye-tafiye masu rajista da ke aikinsu tsakani da Allah, akwai kuma wanda ofishinsa wayarsa ce, ya karɓi kuɗin gona ko na gado ya ce zai samo bizar aiki, ya kawo ta ziyara ko ta Umara. A Nuwamban 2023 jirgin Air Peace ya sauka Jidda da fasinjoji 264 daga Legas da Kano, hukumomin Saudiyya suka soke bizarsu a filin jirgi. Bayan sa bakin jami'an Najeriya aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Bayanin Saudiyya shi ne an ba da bayanan da ba daidai ba wajen neman nau'in bizar da ba ta dace da su ba. Da wuya a ce dukan mutanen nan sun san abin da aka cike da sunansu. Kafin a biya kowa, a nemi ganin bizar, a sa wanda ya iya karatu ya duba nau'inta da kwanakinta a shafin hukumar ƙasar.

Tsohuwar dabarar shiga da Umara a ɓuya har Hajji, ko a zauna ana 'yan aikace-aikace, zamaninta na ƙarewa. A Hajjin 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, da kora, da hana shiga ƙasar shekara goma. Mai ɗaukarsa a mota ko ba shi masauki kuwa har riyal 100,000. A Saudiyya ta yau layin STC ko Mobily ko Zain da yatsa ake rajistarsa, asusun banki da iƙama ake buɗe shi, in ta ƙare ba a sabunta ba banki ya daskarar da shi, kuma komai na hukuma ta manhajar Absher yake bi, ita ma lambar shiga take turowa a waya. Mai aiki a ƙarƙashin kafili yana da ƙarin abin tsoro: in ya bar gidan aiki, kafili na iya kai rahoton ya gudu, abin da ake kira hurub, wanda ke iya haramta zamansa. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya sassauta wa ma'aikatan kamfanoni wajen sauya aiki da fita ƙasar, amma bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne mafi yawan matanmu da samarinmu suke faɗawa.

Sauran ƙasashe ma ƙofa ƙara ƙunci take yi. Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo ba sai Yulin 2024. Ingila ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali daga Janairun 2024, ta kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje a Yulin 2025. Tana so kuɗin da ɗalibi zai nuna su kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba, don haka kuɗin aron da aka zuba jiya ba ya wucewa. Takardar zamanta ma ta daina zama kati, ta koma shafi a intanet wanda ake shiga da lambar da ake turowa ta waya ko imel. Amurka kuwa a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyara da ta karatu ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku.

Ɗaliban da yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023, waɗanda da yawansu 'yan jihohin Arewa ne, sun ga wani ɓangaren abin. Bankuna a Khartum sun rufe, motocin da suka kwaso su sun yi kwanaki a iyakar Masar ana jayayya kan takardu, rukunin farko bai iso Abuja ba sai farkon Mayu. A irin wannan rana, hoton fasfo da na takardar zama da aka ajiye a imel, da kwafin da aka bari a gida, da 'yan daloli a ɗinke cikin riga, sun fi duk wata manhaja amfani. Haka ma sanar da ofishin jakadanci cewa kana ƙasar, abin da kusan ba wanda ke yi sai wuta ta tashi.

Saura abu ɗaya da ba a son ambata. Mutum kan rasu a waje, wayarsa a kulle, ba wanda ya san bankunan da yake ajiya, layinsa na gida kuma yana ta ƙirga watanninsa shida. Sunan da ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci ba ya ba wannan mutum ikon cire ko kwabo. Wanda za a tuntuɓa ne kawai. Magada sai sun kawo takardar shaidar rasuwa, wadda in daga waje take sai an tantance ta, sannan su kawo takardar kotu kafin banki ya saki abin da za a raba. Haka abin yake ga baƙon da ya rasu a nan kuɗinsa na cikin asusun wani, sai dai shi iyalinsa ba su da ko takardar da za su nuna, sai abin da mai asusun ya faɗa da bakinsa. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, kuɗin da ya shekara goma a asusu mai barci ana kwashe shi zuwa wani asusu na musamman a Babban Bankin, inda mai shi ko magadansa za su iya nema ta hannun bankin da aka yi ajiyar, in sun san da shi.